Harsashin Ƙirar Gida da Tasirinsa a Kan Farautar Zamani a Amurka

Abin da nake so mu duba a yau shi ne yadda waɗansu mashahuran harsasan farauta suka samo asali daga hannun maƙera da maharba masu gwaje-gwaje a gidajensu, tun kafin manyan kamfanoni su kula da su.

Ya kamata mu fara da sanin yadda harsashin zamani yake. A bindigar toka ta maharbanmu, albarushi daban ake ɗura shi ta baki, dalma daban. Amma harsashin zamani a haɗe yake: akwai kwanso na tagulla mai siffar kwalba, albarushi a cikinsa, ƙwayar harsashi a wuyansa, da ɗan abin tada wuta a gindinsa. Tun da tagulla tana da laushi, mai kayan aiki yana iya matse wuyan kwanson ko ya faɗaɗa shi domin ya karɓi ƙwayar da ba tasa ba, sa'an nan maƙeri ya yi masa bindigar da ta dace da shi. Harsashin da aka samu ta wannan hanya, wanda ba a sayar da shi a kanti, shi Amurkawa suke kira wildcat, watau kyanwar daji wadda ba ta da ubangida. Mu kuwa za mu kira shi harsashin ƙirar gida.

Babban tushen wannan sana'a shi ne .30-06, harsashin da sojan Amurka suka ɗauka a 1906. Lamba 30 faɗin kafar bindigar ce, kashi 30 cikin 100 na inci, 06 kuwa shekarar ce. Yaƙe-yaƙen duniya biyu sun sa kwansonsa ya yawaita ya yi arha. A wajajen 1920 maƙeri A. O. Niedner ya fito da .25-06, inda aka matse wuyan kwanson don ƙaramar ƙwaya mai tafiya da nisa. A 1922 kuma James Howe ya bi akasin haka, ya faɗaɗa wuyan, aka samu .35 Whelen, mai sunan Kanar Townsend Whelen, wanda ke jefa ƙwaya mai nauyin kusan giram 16 don manyan namun daji irin su beyar. Kwanso ɗaya, aiki biyu mabambanta.

Tarihin .25-06 yana da darasi. Da farko bai nuna wani fifiko ba, domin albarushin lokacin yana saurin ci, alhali babban kwanso mai ƙunƙuntaccen wuya yana bukatar albarushi mai ci a hankali. Sai da irin wannan albarushi ya wadata daga 1940 zuwa bayan yaƙi sa'an nan amfaninsa ya bayyana. Kamfanin Remington bai karɓe shi ba sai 1969. Shi kuwa .35 Whelen ya jira har 1988, watau shekara 66.

Wanda ya fi su farin jini shi ne .22-250. A 1937 ne Grosvenor Wotkyns da J. E. Gebby da J. B. Smith suka matse kwanson .250 Savage, suka samu harsashin da gudunsa ya kan wuce ƙafa 3,600 a sakan guda. Manoma da makiyaya sun so shi don harbin dila da ƙananan dabbobi masu ɓarna daga nesa. Har ta kai kamfanin Browning ya fara sayar da bindigarsa a 1963, alhali babu kamfanin da ke yin harsashin, sai a 1965 Remington ya shiga. Haka .257 Roberts na Ned Roberts, wanda aka ciro daga kwanson 7x57 Mauser, ya shiga kasuwa a 1934, 7mm-08 kuma, ɗan kwanson .308 Winchester, a 1980.

Akwai wata dabara dabam ta maƙeri P. O. Ackley. Shi ba ya taɓa faɗin ƙwayar, sai ya miƙe jikin kwanson ya ƙara wa kafaɗarsa tsini, yawanci digiri 40, domin ya ƙara cin albarushi. Hikimar ita ce, idan aka harba harsashin kanti a irin bindigarsa, ƙarfin wutar zai buɗe kwanson ya ɗauki sabuwar siffa. Daga cikin irin wannan ƙira, .280 Ackley Improved ya samu amincewar SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin harsasai a Amurka, a 2008.

Amincewar nan ba ƙaramin abu ba ce. Harsashin ƙirar gida ba shi da tsayayyen ma'auni. Maƙera biyu suna iya kiran ƙirarsu da suna ɗaya alhali awonsu ya bambanta, kuma ɗan ƙarin albarushi yana iya fasa bindiga a hannun mai ita. Bugu da ƙari, masu tsananin gudu irin .22-250 su kan cinye cikin kafar bindiga da wuri. Wannan ya sa ƙire-ƙire da yawa suka mutu tare da masu su.

Idan muka lura, waɗanda suka rayu sun haɗa abu uku: sun biya wata bukata ta gaske a fagen farauta, kwanson da aka ciro su daga gare shi yana da arha da yawa, albarushin da ya dace da su kuma ya samu. Ranar da kamfani ya buga sunansa a gindin kwanson kuwa, harsashin ya bar zama ƙirar gida, kyanwar daji ta koma ta gida. Saboda haka mai sayen .22-250 a kanti yana cin moriyar gwajin da mutum uku suka yi a 1937, ko da bai taɓa jin sunayensu ba.