Ƙamshi a Ɗakin Duba Mata

Jinya da ƙamshi ita ce shaƙar man da aka tatso daga fure ko ganye domin kwantar da hankali. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan Faransa, René-Maurice Gattefossé, shi ya yayata sunanta da littafinsa na 1937. A sashen mata na wasu asibitoci ana gwada ta lokacin saka robar tazarar haihuwa a mahaifa, ko gwajin bakin mahaifa, ko wankin ciki bayan ɓari.

Irin waɗannan ayyuka gajeru ne, galibi mace ido biyu take, kuma fargaba kan riga ta hawa gado. Da zarar gabanta ya faɗi, sai naman ƙugu ya ɗaure, ƙarfen da ake buɗe gaba da shi ya ƙara zafi, zafin kuma ya ƙara tsoro. Jijiyar shinshina tana da gajeriyar hanya zuwa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da tunawa, shi ya sa ake sa ran ƙamshi zai sassauta wannan ɗauri.

Man furen lafanda ne aka fi amfani da shi. Ana ɗiga kaɗan a auduga, mace ta shaƙa na ’yan mintoci kafin a fara.

Gwaje-gwajen da aka yi yawanci ƙanana ne, da dama daga Iran da Turkiyya. Wani da aka buga a Iran a 2012 kan saka roba ya nuna fargaba ta ragu, amma zafi bai sauya ba. Akwai kuma tangarɗa: ƙamshi ba ya ɓuya, wadda aka ba wa ta san an ba ta, kuma jan numfashi a hankali shi kaɗai ma yana sanyaya jiki.

Wannan ba turaren wuta ba ne. Hayaƙi ba shi da gurbi inda ake amfani da tukunyar iskar oksijin. Ba a shan man, ba a shafa shi tsura a fata, balle a gaba. Mai asma na iya shaƙa ƙirjinta ya toshe. Ƙamshin kuma ba ya maye gurbin maganin kashe zafi: a 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta shawarci likitoci su tattauna batun zafi da mace kafin saka roba, har da yiwuwar amfani da maganin kashe zafi na lidoken.