Yawon Ƙafa A Dajin Falgore

Matafiyin da ya saki hanyar Zariya a Kwanar Dangora, ya bi ta Tudun Wada, zai tarar da Dajin Falgore, wanda aka keɓe tun 1948. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da sanya shi cikin manyan gandayen dajin ƙasa.

Galibin jama'a a mota suke ratsa shi. Amma wanda ya taka da ƙafa, ya hau duwatsun kudu wajen Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, zai ga ƙoramu suna gangarawa Kogin Kano. Kogin nan ne ke cika madatsar ruwa ta Tiga, abin dogaron manoman rani na Kadawa. Ashe kuwa kowace itaciya da aka sare don gawayi, hasararta har gonakin shinkafa take kaiwa.

Mai niyyar zuwa ya nemi izni da rakiyar ma'aikatan gandu, domin ɓarayin shanu sun taɓa mai da dajin maɓoya. Ya yi sammako, ya riƙi gorar ruwa, ya sauko kafin la'asar.