Shin iPod Ta Fi 'Yan Araha?

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta ɓarke a ɗakin kwananmu a zango na biyu, wadda ta kusa raba abokai, har sai da firifet ya tsawata mana sau biyu bayan an kashe fitila.

Kamar yadda kowa ya sani, dokar makarantarmu ta hana ɗalibi riƙe wayar hannu. Amma an yi mana rangwame a kan 'yar na'urar nan ta sauraren karatu da waƙa da mu ke kira MP3, muddin ba ta ɗaukar layi, kuma ran Asabar da Lahadi kaɗai hausmasta ya ke ba mu ita. Yawancinmu irin ta araha mu ke da ita, wadda ko sunan kirki babu a jikinta. Da muka dawo hutu sai wani abokina ya zo da iPod, wadda yayansa ya bar masa. Nan fa ɗaki ya rabu biyu. Waɗansu suka ce namu duk tarkace ne, waɗansu suka ce ai suna kawai a ke saye. Kafin mako ya zagayo yara huɗu sun ƙudura aikawa gida a nemo musu irinta, ni ma kuwa ina cikinsu. Da malaminmu na kimiyya ya ji labari sai ya ce mana, “Ku daina musu da baki, ku je ku auna.” To, abin da muka auna da abin da na bincika shi ne zan bayyana a nan, domin kada a sa iyaye kashe kuɗi a kan jita-jita.

Da farko ya kamata mu san asalin abin. Iyayenmu sun san rikoda da kaset, da yawa kuma sun san Walkman, wadda kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fitar a watan Yuli na 1979. Ita ce ta koya wa duniya tafiya da kiɗa a kunne. Batir biyu ta ke ci, kaset ɗaya ta ke ɗauka, watau minti 60 ko 90. Mahaifina har yanzu yana ajiye da tasa a akwati tare da kaset-kaset na Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Ya ce mini a zamaninsu ma an yi irin wannan gardama, domin kasuwa ta cika da masu kwaikwayon Walkman, waɗanda kan tauna zaren kaset sai an sa biro an naɗe shi.

Daga baya sai masana, musamman na wata cibiyar bincike ta Jamus mai suna Fraunhofer, suka fito da dabarar matse sauti, wadda aka raɗa wa suna MP3 a 1995. Ga yadda abin ya ke. Sautin minti ɗaya a faifan CD ya kan ci wurin da ya kai mega 10. Amma ba duk sautin da ke ciki ne kunnen mutum ke kamawa ba. Idan makaɗi na dukan ganga kusa da kai, wani kuma ya yi raɗa a gefe, ai ba za ka ji raɗar ba. Dabarar MP3 ita ce ta zubar da irin wannan sauti da kunne ba ya ji, sai minti ɗaya ya koma kimanin mega 1. Giga ɗaya kuwa kimanin mega 1,000 ne. Ke nan na'ura mai giga 8 za ta ɗauki wajen minti 8,000, abin da ya kusa cika kaset 90 irin na Baba.

Mutane da yawa na zaton iPod ce ta fara, alhali ba haka ba ne. Tun 1998 wani kamfani na Koriya ta Kudu ya fitar da MPMan, sai dai waƙoƙi kaɗan ta ke ɗauka. Kamfanin Apple na Amurka bai fito da iPod ba sai ran 23 ga Oktoba, 2001, lokacin da shugabansa Steve Jobs ya nuna ta ga jama'a. Tana da giga 5, tana ɗaukar waƙa 1,000, kuɗinta dala 399. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne sauƙin neman waƙa, domin akwai wani ɗan da'ira a gabanta da a ke murzawa da babban yatsa. Zuwa 2007 an sayar da miliyan 100. A wannan shekara kuma Apple ya fito da wayar iPhone, sai wayoyi suka fara haɗiye aikin iPod, har kamfanin ya daina yin ta ɗungum a watan Mayu na 2022. Su kuwa 'yan araha yawanci daga ƙasar Sin a ke kawo su, kuma wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut a Kano zai gan su iri-iri.

Awo na farko da muka yi shi ne na sauti. Muka zuba waƙa ɗaya a iPod da kuma MP3 biyu na araha, muka ɗaure wa mai saurare ido da tawul, muna sauya masa na'ura ba tare da ya sani ba, amma iyafis ɗin kunnensa guda ne. Abin mamaki, yawancinmu mun kasa bambancewa, har da shi mai iPod ɗin, wanda ya rantse a kan wata 'yar araha cewa tasa ce. Mutum biyu ne masu kaifin ji suka lura cewa idan kiɗa ya lafa, a kan ji wani ɗan huci a ta araha, kuma idan aka ƙure murya ta kan yi karkarwa. Sa'an nan muka juya gwajin, muka bar na'ura ɗaya muna sauya iyafis. Nan take kowa ya ji bambanci. Malam ya yi mana bayani cewa waƙar da ke cikin na'ura lambobi ne kawai, kuma lambobin iri ɗaya ne ko a ina aka zuba su. Inda a ke samun bambanci shi ne wurin mai da lambobin su zama sauti, da kuma abin da ke kai sautin kunne. Saboda haka a wannan fanni iPod ta yi gaba, amma da taki ɗaya kacal, kuma iyafis mai kyau ya fi sunan na'ura tasiri.

Awo na biyu shi ne ƙarko, a nan kam ba a haɗa su. Ta abokina iPod nano ce ƙirar 2008, watau ta girme ni a haihuwa, jikinta na alminiyam ne, ga shi har yau tana aiki. Ta araha kuwa roba ce, maɓallinta kan lotsa, ramin iyafis kan saki. Ni ganau ne ba jiyau ba. Bara na yi hutu ina taya kawuna tsaron shago, na tara kuɗi na sayi wata a wurin wani mai tebur a tasha, an rubuta giga 32 a kwalinta. Malamin Hausa ya ba mu aikin rubuta tarihin garinmu, sai na zauna da kakana dare uku ina ɗaukar maganarsa. Da na dawo makaranta na kunna, sai na tarar maganar daren farko da ta biyu duk sun lalace. Ashe ma'ajiyarta ta jabu ce. Lambar ƙarya ta ke nunawa, idan ɗan wurin da ke ciki ya cika sai ta riƙa rubuta sabon abu a kan tsoho. Da na koma wurin kakana sai ya yi dariya ya ce, “Da a kanka ka ajiye da ba ta ɓace ba.” Lalle Hausawa sun yi gaskiya da suka ce araha ba ta ado.

Wanda ya tsaya a nan zai ce gardama ta ƙare. Amma fa akwai awo na uku, watau yadda a ke zuba abin saurare. An ƙera iPod ne domin mutumin da ke da kwamfuta tasa ta kansa. Ta wata manhaja mai suna iTunes aka tsara a riƙa zuba mata waƙa, da irin wayarta ta musamman, kuma ba a taɓa yin iPod mai ramin katin memori ba. Mu nawa ne ke da kwamfuta a gida? Ta araha kuwa kati ta ke ci. Ka zare katin, ka kai wa masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa, ko ka sa shi a wayar yayanka, cikin minti kaɗan an cika maka shi da karatun Alƙur'ani ko darasin Turanci ko waƙa. In na'urar ta mutu ka zare katinka ka sa a wata. Har ila yau yawancin 'yan araha suna kama rediyo, suna ɗaukar magana, waɗansu har da sifika da tocila. Ita iPod nano sai a ƙirar 2009 aka sa mata rediyo.

Awo na huɗu shi ne batir. Duka biyun batirin lithium su ke amfani da shi, kuma ɗabi'arsa ce ya riƙa rauni bayan an yi masa caji sau ɗaruruwa, zafi kuma na gaggauta tsufansa. Na iPod a rufe ya ke a ciki, sai mai gyara ya buɗe ta kafin a sauya shi. Da yawa daga cikin 'yan araha kuwa irin batirin ƙaramar waya su ke ci, wanda a ke zarewa da hannu, a ke kuma samunsa ko a kasuwar ƙauye. Ku tuna yadda mu ke a nan. Wuta sai lokacin firef idan an ta da janareta, soket biyu ne a ɗaki mai mutum arba'in. Wanda ke da batir biyu a aljihu ya fi wanda ke layin soket kwanciyar hankali.

Na biyar shi ne kuɗi, kuma nan ne na ke roƙon iyaye su saurara. Tun da an daina ƙera iPod a 2022, duk wadda aka gani a kasuwa ko dai ta hannu ce, ko tsohuwar ajiya, ko kuma jabu mai kama da ita. Ko wace iri ce, batirinta ya kwana biyu. Sa'an nan abu mai tsada a ɗakin kwana nauyi ne a kan mai shi. Abokina ranar da ta ke hannunsa ba ya iya zuwa wanka sai ya kulle ta da kwaɗo biyu, in ya kwanta tana ƙarƙashin matashinsa. Ni tawa ko a kan gado na manta ta ba wanda zai kalle ta.

To, shin iPod ta fi 'yan araha? In ana maganar ƙira da ƙarko da tsabtar sauti, ta fi su, wanda ya musa bai yi adalci ba. Amma in ana maganar ɗalibin makarantar kwana, wanda ba shi da kwamfuta, wuta ba ta ishe shi ba, kuma ubansa na fama da kuɗin littattafai da na ƙannensa, to ta araha mai kyau ta fi biya masa bukata. An yi iPod domin wani zamani da wani irin gida, kuma ta yi aikinta. Doki ya fi jaki daraja, amma mai kai taki gona jaki ya ke nema.

Ga shawarata ga wanda zai saya. Ka nemi mai cin katin memori, mai batirin da a ke zarewa, mai caji da irin wayar cajin da kowa ke da ita. Kada babbar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Ka sayi katinka daban a shagon da ka san za ka iya komawa, ka cika shi dam, ka gwada abin da ka fara zubawa da na ƙarshe kafin ka amince masa. Abin da ya yi saura na kuɗinka ka sa shi a iyafis mai kyau. Duk abin da ka ɗauka mai muhimmanci ka ajiye shi wuri biyu, kada ka yi irin tawa. Kuma ko wace iri ka riƙe, kada ka ƙure murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2015 cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalata jinsu saboda ƙarar sauti, ta kuma ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura. Na'ura in ta lalace a sayi wata, kunne kuwa ba a sayar da shi a kasuwa.

Ni dai na fasa aika saƙon nan gida. Kuɗin da na so Baba ya kashe an saya mini littafin tambayoyin jarrabawa da takalmi, da sauran canji na sayi kati na gaske. Daga cikin mu huɗun nan uku mun janye, ɗaya na nan a kan bakansa, shi ma mai iPod har gobe bai yarda an ɗaure masa ido da kyau ba. Hutu mai zuwa in Allah Ya kai mu zan koma wurin kakana da na'urata, amma wannan karon har da biro da littafi.