Sana'ar Ƙera Ƙananan Tashoshin Jirgin Ƙasa da Hasken Lesa

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai mutane masu yawa, cikinsu har da manyan ma'aikata da dattawan da suka yi ritaya, waɗanda abin sha'awarsu shi ne shimfiɗa ƙaramin layin dogo a bisa tebur, su kewaye shi da tashoshi da gadoji da gidaje, sa'an nan su saki ɗan jirgi mai aiki da lantarki yana zagawa. Mai karatu zai iya ɗaukar wannan wasan yara ne, amma kuwa ciniki ne babba da ya daɗe. Kamfanin Märklin na Jamus ya nuna jiragensa masu ƙayyadadden faɗin dogo a kasuwar baje koli ta Leipzig tun cikin 1891, kuma a birnin Hamburg akwai gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe cikin 2001, inda jama'a ke biyan kuɗi don su kalli irin waɗannan jirage.

Tushen sana'ar shi ne ma'auni. Wanda aka fi amfani da shi ana kiransa HO, watau a rage kowane abu sau 87. Bisa wannan lissafi ƙofa mai tsawon mita 2 za ta koma milimita 23, mutum kuwa ba zai wuce milimita 20 ba. Duk da wannan ƙanƙanta, da za a kwaikwayi layin Ikko zuwa Kano gaba ɗaya, wanda ya kai kimanin mil 700, sai an nemi tebur mai tsawon mil 8. Saboda haka masu sha'awar kan zaɓi tasha guda da ɗan abin da ke kewaye da ita, kuma a nan ne gine-gine suka zama kayan sayarwa.

Shekaru da yawa manyan kamfanoni ne suka riƙe wannan kasuwa, domin da narkakkiyar roba ake zuba gine-ginen, kuma sassaƙa mazubin ƙarfe yana cin kuɗi ƙwarai, ba ya biya sai an sayar da dubbai. Hasken lesa ne ya sauya al'amarin. Theodore Maiman ya fara samar da shi a Amurka cikin 1960, a 1964 kuma Kumar Patel ya ƙirƙiro irin wanda ke aiki da iskar kabon, wanda shi ne aka fi yanka katako da kwali da shi. Mai sana'a zai zana bango da taga da rufi a kwamfuta, na'ura ta bi zanen tana ƙona siririn layi wanda bai kai rabin milimita ba, ta yanke inda ake son yanka, ta yi zane kawai inda ake son alamar bulo ko ta katako. Ana sayar da fallayen a shimfiɗe cikin ambulan, mai saye ya ɓalle guntayen ya haɗa da gam. Ba mazubi, ba tara kaya a sito. In mutum goma suka nema, goma za a yanka.

Tambayar da ke gaban duk mai shiga sana'ar ita ce, me zai ƙera? Kamfanonin Jamus irin su Faller da Noch da Busch su ma sun rungumi lesa, kuma ƙaramin mai sana'a da ya ce zai yi gasa da su wajen tashar ƙauyen Bavariya ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa. Rabonsa yana wajen abin da manya suka raina. Akwai ƙananan kaya da kowane tebur ke bukata da yawa: shinge, firam ɗin taga, tsani, bencin fasinja, teburin mai sayar da tikiti. Akwai rabin gini, watau fuskar gida kawai mai kaurin inci guda ko biyu, wadda ake jinginawa a bango don a rage cin wuri. Akwai gadar katako mai ƙafafu da yawa, wadda yanka ta da hannu kan ci makonni. Har kayan aiki ma ana nema, kamar ma'aunin lanƙwasar dogo da akwatin ajiye taragu da guntayen teburin kansa.

Amma abin da ya fi riƙe mai saye shi ne ginin da ya sani da idonsa, tashar garinsu ko ɗakin sigina da ya saba gani yana yaro. A nan ne reluwen Nijeriya ya shigo cikin zancen, domin da wuya a ga kayansa a kundin tallar waɗannan kamfanoni, alhali kuwa tarihinsa cike yake da abin kwaikwayo. Dogo ya isa Kano cikin 1911, ya kai Ƙaura Namoda cikin 1929, Nguru cikin 1930, Maiduguri kuma cikin 1964. A kan waɗannan layuka an gina tashoshi masu baranda da rufin kwano, da tankunan ruwa na jiragen kwal, da sito-sito na kaya, da gidajen ma'aikata, kuma kusan dukkansu bango ne miƙaƙƙe da kusurwa, irin aikin da lesa ya fi iyawa. Dalar gyada ma, wadda ta ɓace daga filayen Kano, tana da sauƙin yi: a jera fallayen kwali kowane bai kai na ƙasansa faɗi ba, a zana alamar buhu a gefe. Haka nan zayyanar fuskar soro ana iya zana ta da lesa, ko da yake zanko da kusurwar ginin ƙasa sai an bi su da hannu a sassauta kaifinsu.

Sai dai a lura da faɗin dogo. Tsohon layin Nijeriya ƙafa 3 da inci 6 ne, watau milimita 1,067, wanda in an raba shi 87 zai ba da milimita 12 da 'yan kai. Don haka dogon HO na kasuwa, mai milimita 16.5, bai dace da shi ba. Ya dai dace da sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe cikin 2016. Abin sa'a ana sayar da dogo mai milimita 12, kuma wasu masu kwaikwayon jiragen Afirka ta Kudu da na jihar Queensland ta Ostireliya, masu faɗi irin namu, da shi suke aiki. Ƙaramin layin nan na kuza da ya tashi daga Zariya ya isa Bukuru cikin 1914, aka rufe shi cikin 1957, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, kuma dogo mai milimita 9 ya yi masa daidai. Wanda ya yanka dandamalin tasha ko gangar jikin tarago bai yi wannan lissafi ba, ya yi asarar katako.

Lesa yana da iyaka. Shimfiɗaɗɗen abu yake yankawa, saboda haka tukunyar kan jirgi da ƙafafunsa sai a nemo su ta wata hanya. Yakan bar baƙin ƙuna a bakin katako, siririn katako kuma yakan kantare in ya sha fenti mai ruwa ko laimar damina. Robar nan da ake kira PVC ba a sa ta a na'urar sam, domin hayaƙinta guba ne ga mutum kuma yana cin ƙarfe. Wajibi ne a fitar da hayaƙi waje da bututu, kada kuma a bar na'ura tana aiki ba mai tsaro, don kwali da katako ba su da wuyar kama wuta.

Ga ɗaliban kwalejojin fasaha masu koyon zanen gini, rabin aikin sun riga sun iya shi. Sauran rabin shi ne zuwa wurin ginin da tef da kyamara, bayan an nemi izini daga Hukumar Jiragen Ƙasa, a auna tsawo da faɗi da tazarar tagogi tun ginin yana tsaye, domin tsofaffin tashoshi da dama sun fara lalacewa. Bayan an yanka na gwaji, sai a miƙa shi tare da takardar bayani ga wani wanda bai taɓa ganin zanen ba, a zuba masa ido yana haɗawa. Duk inda ya tsaya yana jujjuya guntu a hannu, nan ne za a koma a gyara kafin a sa wa kayan farashi.