Ƙaunar Mahaifa da Kiyaye Muhalli a Ƙasar Gusau

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba dangantakar mutum da wurin zamansa, watau yadda take shafar kwanciyar hankalinsa da kuma irin riƙon da yake yi wa ƙasa da itatuwan da ke kanta. Misalanmu daga ƙasar Gusau da Tsafe da Bungudu suke, inda ƙauyuka irin su Ruwan Bore suke, amma za mu leƙa maƙwabta idan hali ya yi. A 1974 wani masanin labarin ƙasa a Amurka, Yi-Fu Tuan, ya rubuta littafi sukutum a kan ƙaunar wuri. Mu a nan za mu fara ne da abin da harshen Hausa kansa ya adana.

Shaidar Harshe

Kalmar mahaifa tana nufin inda ɗa yake kwanciya a cikin uwa, tana kuma nufin garin da aka haifi mutum. Bisa al'ada, idan mace ta haihu akan binne mabiyiya a cikin gida, shi ya sa mutum yake bugun ƙirji ya ce nan aka binne cibiyarsa. Har wa yau mutum yakan ɗauki sunan garinsu ya liƙa a nasa, a ce wane Gusau ko wane Bungudu, ko da kuwa ya shekara arba'in a Legas. Garuruwan su ma sau da yawa sunan ruwa ko itace suke ɗauka, kamar Ruwan Ɗorawa a ƙasar Maru. Garin da aka tashi aka bari kuwa, sunansa kufai, kuma dattawa sun san kufan kakanninsu ɗaya bayan ɗaya, galibi da kukokin da suka rage a tsaye ake gane su.

Gona da Itace

A nan ne muke ganin ƙaunar wuri ta zama aiki. Manomin da ke noman gonar gado yakan bar gawo da ɗorawa da kaɗanya a cikinta. Gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma dabbobi su sami inuwa da abinci. Ɗorawa takan ɗauki shekaru kafin ta ba da kalwa, don haka wanda ya rene ta, 'ya'yansa ya yi wa tanadi. Amma mai gonar aro ko ta jingina ba ya wahalar da jakinsa wajen kai taki mai yawa, balle ya dasa itace, domin bai san ko baɗi yana nan ba. Ashe ke nan kula da ƙasa yana tafiya ne tare da tabbacin zama a kanta.

Abin da ya faru a Maraɗi ya ƙarfafa wannan ra'ayi. Daga wajen 1984 manoma suka shiga renon tohon da ke fitowa daga kututtukan gonakinsu maimakon sassabe shi. Aikin ya bazu sosai sa'ad da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara a kansa ba. An ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta haka a Nijar ta kai hekta miliyan 5.

Darasin Bakolori

Akasin wannan shi ne madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, gulbin nan da ya ratsa Gusau da Bungudu kafin ya isa ƙasar Maradun da Talatar Mafara. A shekarar ce kuma dokar mallakar ƙasa ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. Ruwa ya ci gonaki da gidajen dubban mutane, aka mai da su matsugunan da ƙasarsu ba ta kai fadamar da suka baro ba. Waɗanda ke ƙasa da madatsar kuma suka rasa ambaliyar da ke jiƙa musu fadama kowace shekara, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilu na 1980. Har yau ana gardamar yawan waɗanda suka mutu. A ganinmu, babban kuskuren masu tsarin shi ne sun ɗauka fili fili ne, a ba ka wani a madadin wani shi ke nan.

Halin da Ake Ciki

Tun daga wajen 2011 hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da dama a Zamfara, mutane suka kwarara cikin Gusau da Tsafe, wasu a makarantu, wasu a kangaye. Yunwa da rashin magani su ne ake gani da ido, su ake ƙirgawa. Akwai kuma ciwon da ba ya shiga lissafi: dattijon da ake gaisarwa a garinsu ya koma baƙo mai jiran a sammasa, ba gona, ba majalisa, ba ya iya ziyartar kabarin mahaifinsa. Wannan ne ya sa wasu suke komawa su yi shuka a cikin haɗari, har su biya harajin da 'yan bindiga suka ɗora musu, abin da na nesa yake ɗauka wauta ce.

Ta fuskar muhalli kuwa, mutumin da a da ba zai yarda a ɗora gatari a kan kaɗanyar gonarsa ba, yau sayar da itace da gawayi na cikin 'yan sana'o'in da suka rage masa, kuma daga dajin da ba shi da gado a ciki yake saro su. Saboda haka muna ba da shawara, duk lokacin da hukuma za ta mai da mutane garuruwansu, ta fara tabbatar wa kowa iyakar gonarsa da itatuwan da ke cikinta a gaban mai gari da dattawa, tun kafin a raba iri da taki.