Zaɓen Injin Juya Ruwa Domin Akwatin Kifin Teku a Kano

Gabatarwa

Hausawa kan ce kifi a ruwa sarki ne. To amma wannan sarauta tasa ba ta tabbata sai ruwan yana motsi. A kogi da teku, iska da igiyar ruwa su ne ke wannan aiki dare da rana. Da zarar an tsamo kifi an sa shi cikin akwatin gilashi ko tankin siminti, aikin ya koma wuyan mai kiwo, shi kuwa ba shi da madogara sai inji. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake zaɓen irin wannan inji, musamman domin akwatin kifin ruwan gishiri, wanda shi ya fi kowane irin kiwon kifi wuyar sha'ani. Za a dubi lamarin ne ta fuskar Kano, garin da ke da nisan kusan kilomita 1,000 daga teku ta hanyar mota, mai zafin bazara da yawan ɗaukewar wuta.

Dalilin Juya Ruwa

Kifi yana shaƙar iskar oksijin wadda ta narke cikin ruwa, ita kuwa 'yar kaɗan ce. Lita ɗaya ta ruwan daɗi mai ɗumin digiri 25 ba ta riƙe fiye da kimanin miligiram 8. Ruwan teku, wanda ke ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, bai kai miligiram 7 ba, kuma duk sa'ad da ruwa ya ƙara zafi abin da yake riƙewa raguwa yake yi. Ita wannan iska ta saman ruwa take shiga. Saboda haka in ruwa ya kwanta, na ƙasa sai ya ƙare da iska, kifi ya taso sama yana haki.

Dalili na biyu shi ne ƙazanta. Kifi yana fitar da wata guba mai suna amoniya, wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin mataci da jikin duwatsu su ne ke sarrafa ta har ta daina cutarwa. Su ma waɗannan ƙwayoyi suna bukatar oksijin, kuma sai ruwa ya bi ta kansu sannan su yi aiki. Na uku ya shafi murjani. Shi murjanin da mata ke ado da shi ƙashin wata halitta ce ta teku wadda ke manne wuri ɗaya, ba ta zuwa neman abinci sai dai ruwa ya kawo mata, ya kuma kwashe mata dauɗa.

Tun kafin a ƙera inji aka gane haka. A ƙarshen shekarun 1840 wata mata mai suna Anna Thynne ta raya murjani a gidanta a Landan har kusan shekara uku, ta hanyar sa a riƙa sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan domin ya sha iska. A 1853 aka buɗe ɗakin kallon kifi na farko domin jama'a a gidan namun dajin Landan. Aikin da hannu ya yi a wancan zamani shi inji ke yi yanzu.

Ire-iren Injin

Injin iri biyu ne, kuma rikita su shi ne kuskuren farko na sabon shiga. Akwai na ɗaga ruwa, wanda ke tura shi ta bututu daga tankin tacewa da ke ƙasa zuwa akwatin da ke sama. Danginsa ne sumon rijiyar burtsatse da injin ban-ruwa na 'yan lambu. Sannan akwai na kaɗa ruwa, mai farfela irin ta jirgin ruwa, wanda ake maƙalawa a jikin gilashi daga ciki. Shi ba ya iya ɗaga ruwa sama, amma yana tura ruwa mai yawa a faɗaɗe, da wuta kaɗan. Akwatin kifin teku yana bukatar duka biyun.

Yadda Ake Auna Ƙarfi

Ana auna inji da yawan litar da yake turawa a sa'a ɗaya. Masu wannan kiwo suna da wani ƙiyasi da suke bi: in kifi ne kaɗai, a juya ruwan akwatin kamar sau 10 a sa'a, in akwai murjani mai taushi, kamar sau 20, in mai tauri ne kuwa, sau 40 ko fiye. Alal misali, akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 50, zurfi 50, yana cin lita 300. Domin kifi kaɗai ana neman lita 3,000 a sa'a, domin murjani mai taushi lita 6,000. Ya fi kyau a raba wannan adadi ga injuna biyu masu fuskantar juna, don igiyoyinsu su gwabza su kai kowane lungu, kuma in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe rayukan kifin kafin a yi gyara.

Game da injin ɗaga ruwa, lambar da aka rubuta a kwali takan yaudari mai saye. Lambar tana nuna abin da injin zai tura ne in ba ya ɗaga ruwan ko taƙi ɗaya. Kowace mita ta hawa, da kowace kwana ta bututu, da ƙanƙantar bakinsa, duk suna rage gudun ruwan. Masu ƙera injin kirki sukan sa jadawali mai nuna litar da zai bayar a mita ɗaya, da mita biyu, har zuwa inda ruwan zai tsaya cak. Wannan jadawali shi ne abin dubawa.

Gishiri da Ƙarfe

Duk wanda ya yi aiki a masana'antun jima na Bompai ko Sharaɗa ko Challawa, inda ake wanke fatun da aka adana da gishiri, ya san yadda ruwan gishiri ke cin ƙarfe. Injin ban-ruwa ko sumo na yau da kullum da ake samu a kasuwar Sabon Gari an yi shi ne domin ruwan daɗi. In aka tsoma shi cikin ruwan teku tsatsa za ta kama shi, kuma in akwai jan ƙarfe ko tagulla a jikinsa, ɗan abin da zai narke ya isa ya kashe murjani da jatan lande. Abin nema shi ne inji mai gangar jikin roba, wanda aka rufe wayoyinsa ruf, maganaɗisu ke juya farfelarsa, sandar tsakiyarsa kuma ta tangaran ce ko ta ƙarfen titaniyam.

Zafi da Wutar Lantarki

Injin da ke nutse cikin ruwa, wutar da yake ci daga ƙarshe zafi take zama a cikin ruwan. Inji mai wat 30 in ya yi kwana ɗaya yana aiki, zafin da ya zuba ya isa ya ƙara wa lita 300 kimanin digiri 2, in ba a sami hanyar da ya fita ba. Murjani yana son ɗumi tsakanin digiri 24 da 27, in ya daɗe a sama da 30 sai ya koɗe ya mutu. A Kano kuwa zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40. Don haka tsakanin injuna biyu masu tura lita ɗaya, mai ƙarancin wat shi ne zaɓi.

Wutar Nijeriya mai bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, saboda haka injin da aka yo tsarabarsa daga can yana iya ƙonewa nan take. Babbar matsala dai ita ce ɗaukewar wuta, wadda aka sha fama da ita tun zamanin NEPA har zuwa bayan da kamfanin KEDCO ya karɓi rarraba wuta a 2013. Akwati mai cike da kifi, in ruwansa ya tsaya cikin daren bazara, 'yan sa'o'i sun isa a wayi gari da asarar dukiya mai yawa. Maganin wannan shi ne ƙananan injunan zamani masu aiki da bolt 12 ko 24, waɗanda batir da farantin sola ke iya riƙewa har gari ya waye. Haka kuma wajibi ne a bar fili a tankin ƙasa, domin in wuta ta ɗauke ruwan bututu yakan komo, ya yi ambaliya a ɗaki.

Darasi Ga Masu Kiwon Tarwaɗa

Masu akwatin kifin teku ba su da yawa a Kano, amma masu kiwon tarwaɗa a tankunan siminti da na roba suna da yawa, ga kuma aikin ƙyanƙyasar kifi irin na Bagauda. Babbar tarwaɗa tana da wata gaɓa da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take jure ruwan da ya kwanta. 'Ya'yanta sababbin ƙyanƙyasa ba su da wannan gata tukuna, ita ma karfasa ba ta da shi. Lissafin duk ɗaya ne. Tanki mai mita 2 tsawo, 2 faɗi, da ruwa mai zurfin mita 1 yana ɗauke da lita 4,000. Mai son ruwan ya bi ta mataci sau ɗaya a sa'a sai ya nemi injin da zai ba da lita 4,000 a daidai tsayin da zai ɗaga ruwan. Ga 'ya'yan kifi kuwa sai an sassauta gudun, an kuma sa raga a bakin injin don kada ya zuƙe su.

Kammalawa

A taƙaice, mai zaɓen inji yana da tambayoyi biyar a gabansa: lita nawa akwatin ke ci, me za a raya a ciki, tsayi nawa ruwan zai hau, da me aka ƙera injin, kuma me zai riƙe shi in wuta ta ɗauke. Bayan saye kuma sai kulawa, domin wani ɓawo mai kama da farar ƙasa yakan taru a jikin farfela ya rage mata gudu. Jiƙa ta cikin ruwan khal duk wata ɗaya ko biyu yana narkar da shi. Alamar cewa zaɓi ya yi daidai a fili take: saman ruwa yana rawa, ƙazanta ba ta taruwa a lungu, kifi kuma yana iyo ba tare da igiya ta rinjaye shi ba.