Tsohuwar kwamfuta ba shara ba ce: Linux na iya tada ta

A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye kulawar yau da kullum da yake yi wa Windows 10. Ita kuwa Windows 11 ba ta hawa kan tsofaffin na'urori da yawa, don tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin daga Agye zuwa Gazawa har Gidan Rumji, kwamfutocin da ke shaguna da ofisoshin ƙungiyoyi galibi kwance ne. Manhajar da ba a toshe mata ƙofa kuwa, rumbu ne ba murfi: lissafin bashi da lambobin abokan ciniki duk suna hannun ɓarayin intanet.

To, sai a zubar ke nan? A'a. Akwai Linux, babbar manhajar da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991. A shekarar nan ce ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, kuma tafiyar tasu ɗaya ce: kowa ya zuba nasa, kowa ya amfana. Ba a biyan kuɗin lasisi. Wayar Android da ke hannunki ma, Hajiya, a kan Linux aka gina ta. Jandarmomin Faransa kuma sun fara mayar da kwamfutocinsu kan Ubuntu tun 2008.

Nau'o'inta marasa nauyi, irin su Lubuntu da Xubuntu, suna tafiya a kan injin da Windows ta gajiyar. Babbar kwamfutar ajiya da ake kira saba, idan aka ɗora mata Debian, za ta iya riƙe wa ƙungiyar masu aya ko wake lissafin buhunan da suka shiga da waɗanda suka fita. LibreOffice kuma tana buɗe takardun Word da Excel.

Amma fa a yi hattara. Ɗora sabuwar manhaja na iya share duk abin da ke ciki, don haka a fara kwashe takardu zuwa wani wuri. A sa mai gyara ya gwada ta daga kile na USB kafin ya girka, a ga ko na'urar buga takarda tana amsawa. Wasu manhajojin lissafi da aka yi don Windows kaɗai ba za su tashi ba. A tambaya tun kafin a biya kuɗin aiki.

Sai batun wuta. Tsohuwar saba akwai cin lantarki, ga zafi da ƙura ba ta so. Ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke shigowa ta layin Katsina zuwa Gazawa, sai a Maris 2024 ta dawo da ita. Ga ƙaramin shago, tsohuwar kwamfutar hannu mai batiri da faifan sola ta fi saba rufin asiri.

Saboda haka ƴan kasuwa, kafin a kai injin wurin masu awon ƙarfe, a fara kai shi wurin mai gyara. Kuɗin sabo ya zauna cikin jari.